Kabad ɗin da Ya Tsaya a Kwanar Bene

A layin kafintoci Ba-ƙusa ake kiransa, don duk kayan da suka fito daga hannunsa ba za ka sami ƙusa ko ɗaya a jikinsu ba. Zai huda wannan katako, ya fiƙe bakin wancan, ya shafa gam, ya bubbuga su da guduma har su rungumi juna. Abin da ya haɗa ya haɗu ke nan, sai dai zarto. Gadaje fiye da ɗari uku ya yi a rayuwarsa, kujeru kuwa shi kansa ya bar lissafi. Ya aurar da 'ya'ya biyar daga bakin wannan bencin aiki, ya rasa rabin yatsa ɗaya a kansa.

Sai zamani ya juya masa baya. Shaguna goma sha huɗu ne a layin, tara sun koma sayar da kayan kwali: falanki marar nauyi, fari ko ruwan toka, da ƙullin sukurori a leda, ka haɗa da kanka a gida. Masu saye sukan leƙo shagonsa su shafa kan gado mai sassaƙar ganye, su ce kai, Baba, aiki ya yi kyau, amma wa zai riƙa goge ƙurar lungunan nan? Maƙwabcinsa mai kayan kwali kan tsokane shi, wai gadonsa sai an yi gayya kafin a matsar da shi a share ƙarƙashi. Shi kuma ya ce gara nasa, na wasu atishawa mai ƙarfi ma kwance shi take. A yi dariya, amma cinikin can yake tafiya. Ga hannu ya fara rawa, ga gwiwa ta ƙi. Ya yanke shawarar sakin shagon, amma sai ya yi aikin ƙarshe.

Autarsa da mijinta sun sami sabon gida a hawa na uku. Ya ce kabad zai yi mata. Ta ce kada ya wahalar da kansa. Ya ce wahalar me? Ta ce katako ya yi tsada. Ya ce yana da ajiya. Ka'idarsa ita ce ba ya taɓa zarto sai ya je ya ga ɗaki da idonsa, ya auna ƙofa da hanya. Amma duk ranar da ya ce zai zo sai ta ce ana fenti, ko makulli na hannun mijinta, ko benen zai tayar masa da ciwon gwiwa. A ƙarshe ta faɗa masa tsawo da faɗin bango ta waya, shi kuwa ya karɓa, don mutum ba ya binciken maganar 'yarsa.

Ƙofofi huɗu ya yi masa, durowa shida, madubi a tsakiya, da wata ƙaramar ma'ajiya a ɓoye ta 'yan kunne da sarƙa. Mariƙai goma, kowanne da hannu ya sassaƙa. Mai ɗakinsa ta ce ko ita da ta haifa masa 'ya'yan ba ta sami mai ƙofa huɗu ba. Ya ce ai ita ta sami kafintan gaba ɗaya, me ya rage?

Ran da aka kai kayan, 'yan dako huɗu suka ɗauka. Hawan farko lafiya. A kwanar hawa na biyu kabad ya cije. Aka kwantar, aka tayar, aka karkata, kusurwa ɗaya ta kankare fentin bango. Babban 'yan dakon ya share gumi ya ce a kwance shi mana, a shigar da shi gunduwa-gunduwa kamar na kowa. Ba-ƙusa ya ce wannan ba ya kwantuwa. Surukin ya ce ko a gwada taga da igiya. Auta dai tana tsaye a sama, ta riƙe ƙarfen bene.

Ba-ƙusa ya ce bari ya hau ya ga tagar. Ta ce, Baba gwiwarka. Ya raɓa ta gefen kabad ya hau, yana dafa bango.

Falon fari fat, ba bango tsakaninsa da kicin. Kujera ɗaya doguwa, tebur mai siraran ƙafafu, shi ke nan. Ya tura ƙofar ɗakin kwana. Bangon da aka ba shi awonsa yana nan, tsawo daidai, faɗi daidai. Sai dai daga ƙasa har rufi an riga an gina ma'ajiyar kaya a jikinsa, ƙofofi masu sulɓi, ba mariƙi ko ɗaya. Ya danna ɗaya da yatsa ta buɗe da kanta, fitila ta kama a ciki. Kayan autarsa a jere, an rataye su tsaf. Ya duba sauran bangaye uku: taga, gado, ƙofar banɗaki. Ko kujerar tsugunno ba ta da wurin zama.

Ta shigo bayansa ta tsaya.

“Tun yaushe?”

“Da shi muka sami gidan, Baba.”

“Kika bar ni ina ta sassaƙa.”

“Na ga ka dawo cin abinci, kana waƙa a bakin aiki. Umma ta ce rabon da ta gan ka haka an jima. Ta ina zan fara?”

Ya tambaye ta ina ta yi niyyar ajiye shi. Ta ce akwai ɗakin ajiya a ƙasa, kowane gida da nasa, ta yi tunanin idan ya tafi a saukar. Sai kuma ta kama hannun rigarsa tana kuka, ta ce a yanka shi biyu, ta yarda, za ta fitar da tebur a sa shi a falo, mijinta ba zai hana ba. Ya kalli farin falon nan. Ya san idan ya ce to, za ta sa, ta yi shekaru tana kewaye shi tana ba baƙi haƙuri.

Ya sauko a hankali. Surukin har ya aro zarto a wurin mai gadi, ya miƙo masa da hannu biyu. Ba-ƙusa ya duba haƙoran zarton, ya mayar masa.

“Ku sauke shi,” ya ce da 'yan dako. “Ba ya shiga. Ku kula da madubin.”

Aka mayar da kabad bayan motar da ta kawo shi. Direba ya ce ya shigo gaba ya zauna, akwai wuri. Ya ce a'a, hanyar akwai ramuka. Aka tallafa masa ya hau bayan motar, ya zauna a kan tsumman da aka naɗe kayan da su, ya dafe ƙofofin kabad ɗin da tafin hannu don kada su buɗe. Auta ta sauko da gudu ba takalmi, tana kiran Baba. Ya ɗaga mata hannu ɗaya, ya ce ta koma ciki rana ta yi zafi, sannan ya bubbuga jikin motar aka ja.