Injin Surfanin Mal-sun

Pyo Mal-sun ta tsufa a wani ɗan shago a Daegu tana surfanin sunayen 'yan makaranta a ƙirjin rigunansu. Injinta tsoho ne, ba ya jin maganar kowa sai ta wata tsohuwar manhaja. Da kwamfutar da ke ɗauke da manhajar ta ƙone, ɗanta Gyu-tae ya taso daga Seoul da jimamin da ya ɗan yi yawa.

Harkar kwamfuta ce sana'arsa. Ya ƙirƙiri kwamfutar bogi a cikin sabuwar da ya zo da ita, wadda za ta yi shigar tsohuwar, ya jona mata filashi, shi ma na bogi, ɗauke da kwafin manhajar. Ya kunna. Allo ya yi baƙi ƙirin, wai bai ga abin da zai tashi da shi ba.

"Umma, kin gani da idonki, ta ƙi. Ki sayar da injin nan ki dawo wurinmu. Ɗaki na nan yana jiranki."

Ɗakin da ke manne da na jaririnsa, ta faɗa a ranta. Matarsa na shirin komawa aiki. Kuma tun yana ƙarami Gyu-tae bai taɓa yarda na'ura ta kayar da shi ba, amma yau gwaji ɗaya ya sallama, har da ajiyar zuciya.

Ta jera abincin rana: shinkafa, tsimammen kabeji na kimchi, miyar waken suya tana tururi. Ta zauna ta ɗora hannu a gwiwa. A al'adarsu ɗa ba ya ɗaukar cokali kafin uwarsa, don haka shi ma ya zauna yana haɗiyar yawu.

"Umma, miyar za ta huce."

"Ta huce mana. Ba wutarka ta dafa ba."

"Wai me na yi?"

"Kai, ɗan nema! Ni na haife ka. Kwamfuta ban sani ba, amma kunnenka na sani. Ga shi nan ya yi ja, kamar kullum in ka yi ƙarya."

Ya shafa kunnen. Miyar ta yi yana a sama. Can ya miƙe ya jawo kwamfutar, bai kalle ta ba.

"Irin wannan ba ta leƙa filashi in za ta tashi," ya ce ƙasa-ƙasa. "Sai an ɗaura mata shi a matsayin faifan cikinta."

"Au, ashe ka sani."

Ya latsa nan, ya latsa can. Tsohuwar manhajar ta bayyana, allurar injin ta motsa.

"Ba don jaririn kaɗai ba ne, Umma. Bayanki fa? Kullum a sunkuye."

Ta yarda rabin maganar gaskiya ce. Hakan bai sa ta sassauta ba.

"Bayana nawa ne. Jikana ku kawo shi ranar Lahadi in gan shi. In ya isa shiga makaranta, a kan injin nan zan ɗinka masa sunansa. Matsa min, rigunan mutane na jirana."