Wayoyi Biyu da Inuwar Goriba

Na manta abubuwa da yawa na shekarun farin nan, wasu ma da gangan na mantar da kaina su. Amma akwai wata ranar kasuwa a Sabon Birni da ko zan tsufa har in riƙa kiran 'ya'yana da sunayen juna, ba na jin za ta fita daga raina.

A lokacin ina da 'yar rumfa a bakin kasuwa, ina cajin waya da gyare-gyare. Damina biyu a jere ta yi mana rowa. Gero ya tsiro ya ƙone, aka sake shuka ya sake ƙonewa. Gulbi ya zama yashi tsantsa, har masu babura suka mai da cikinsa hanya. A cikin wannan hali ne wasu kamfanoni biyu masu manhajar bincike, irin wadda za ka yi wa tambaya a waya ta nemo maka amsa, suka tuna cewa akwai mutane a gefenmu. Kowanne yana son a ce tasa ce a wayar kowa. Ɗaya ya raba jajayen huluna, ɗaya ya raba shuɗɗa, ga kyautar data, ga alkawarin sabon babur ga wakilin da ya fi jawo mutane. Mu ba mu wahalar da kanmu da sunayensu na Turanci ba, muka ce Ja da Shuɗiya.

Ni ne wakilin Ja. Kuma in faɗi gaskiya, na ɗauki abin da zafi fiye da masu kamfanin. Duk wayar da aka kawo mini caji, kafin mai ita ya dawo na goge Shuɗiya na ɗora Ja, in ya yi magana in ce ai waccan ce ke cinye masa batir. Allah ya yafe mini, ban taɓa gwadawa na ga haka ba.

Wakiliyar Shuɗiya kuwa ba kowa ba ce illa 'yar gwaggona, malamar firamare a Isa, wato taubashiyata. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu lafiya ba. Ta fi ni dabara nesa ba kusa ba, don ita tana shiga gidajen da ni iyakata zaure. Sai ta zauna a tsakar gida ta nuna wa mata yadda za su yi magana da baki wayar ta amsa, ba sai sun iya rubutu ba. Duk wayar da na gyara da rana, in ta kwana a gida sai ta dawo mini da Shuɗiya a kai. Har wayar matata.

Ranar da nake ba ku labari, Malama ta zo kasuwarmu takanas, ta kafa lemarta dab da rumfata don tsokana.

"Bawan gidanmu," in ji ta, "yau za ni kwashe sauran mutanenka gaban idonka."

Na ce, "Ke da kika zo cin arziki garinmu? Zauna ki ga aiki."

Kafin hantsi mutane sun kewaye mu kamar ana kokawa. Wani ya jefo tambaya, mu duka mu danna, wanda tasa ta riga amsawa a yi masa tafi. An tambayi nisan Makka, an tambayi maganin tsutsar wake, wani tela ya tambayi ko gaskiya ne akwai ƙasar da rana ba ta faɗuwa wata da watanni. Da Ja ta riga, sai in ɗaga hula. Da Shuɗiya ta riga, sai Malama ta yi guɗa. Muna ta shewa a garin da rijiyoyi ke ƙafewa, kuma ko kaɗan abin bai dame ni ba a lokacin.

Ana cikin haka sai taron ya dare, wani dattijo ya shigo da sandarsa a kafaɗa. Bafulatani ne daga rugar da ke wajen Alkalawa, aminin mahaifina, muna kiransa Baffa. Na san abin da ya kawo shi kasuwa, don kowa ya sani. Garkensa da a da in ya taso sai an tsaya an ba shi hanya ya koma shanu goma sha ɗaya, kuma rijiyar da yake shayar da su ta fara ba da laka. Kora su kudu ba ta yiwuwa, hanyar daji ba lafiya. Ya kawo su kara ne, wato kasuwar dabbobi, ya rabu da su kafin su mutu a hannunsa, dillalai kuwa na can suna jira, sun san ba shi da zaɓi. Mutumin da aka haifa a bayan saniya, yana da shekara saba'in da wani abu, zai koma gida da igiya kawai.

Ya dube ni, ya dubi Malama, ya ce, "An ce mini abin ga naku ya san komi."

Na yi caraf na ce, "Tawa dai, Baffa. Tambayi abin da kake so."

"To tambaye ta, ina ruwa?"

Na danna. Ja ta kawo mini bayani a kan yawan ruwan da ya kamata mutum ya sha a yini, da tallar injin ban-ruwa. Malama ta yi magana da tata, Shuɗiya ta ce mata babu alamar hadari a wannan mako. Wani daga baya ya ce, "Wannan ko makaho ya sani." Aka yi dariya, amma ba irin ta ɗazu ba. Kunya ta rufe ni, hular nan ta yi mini nauyi a ka.

Don in fita kunya ne kawai, ba don wata hikima ba, na buɗe wurin taswira na ce, "Baffa, bari dai in nuna maka rugarku daga sama." Na jawo hoton da yatsu har bukkokinsu suka fito kamar ƙwarya a kife. Ya karɓi wayar da hannu biyu. Mutumin nan bai taɓa riƙe waya irin wannan ba, bai taɓa hawa ko bene ba balle jirgi. Ya daɗe yana kallo, har na fara tunanin bai gane komai ba. Can sai ya sa farcensa a kan gilashin.

"Wagga hanyar shanu ta. Ga tsohuwar ganuwa nan. Wanga garken wane na." Ya ɗago a hankali. "Wa ya hau bisa yaɗ ɗauko wanga?"

Na ce wata na'ura ce da ke yawo can sama da gajimare. Ya ce, "Allahu akbar," ya mai da kansa.

Hoton Ja sabo ne, na rani, ƙasa duk ta yi fari fat. Na hango wani ɗan kore a gefe na yi ihu, "Ga ruwa nan!" Samarin da ke wurin suka ɗauka da sowa. Baffa ko kallona bai yi ba.

"Gawo na, ɗana. Gawo da rani yaka ganye. Saiwatai ta yi nisan da ba ka iya bin ta. In kab bi gawo, kabarinka kaka gina."

Malama ta ƙyalƙyale da dariya, ta miƙo tata wayar. "Baffa, bar ta bawan ga, duba ta 'yan gari." Na leƙa, sai na samu abin ramawa: hoton Shuɗiya tsoho ne, an ɗauke shi da wata damina mai albarka shekaru da suka wuce, ko sabon titin ma babu a ciki. Na shiga yi mata tsiya ina cewa kamfaninta na sayar wa mutane tuwon jiya. Ban ƙarasa ba Baffa ya ɗaga mini hannu, irin ɗagawar da ake yi wa yaro mai surutu a masallaci.

A cikin tsohon hoton akwai wani baƙin layi siriri, ruwan sama ne da ya kwanta, ya lanƙwasa ya ratsa gonaki nesa da inda gulbi yake yanzu. Baffa ya bi shi da farce tun daga farko har ƙarshe, sau biyu. Na ga leɓensa na motsi.

"Kakata ta ce dauri gulbi ba nan yaka bi ba," in ji shi. "Tac ce akwai wata kwana inda sunka shayar da shanu shekarar wata yunwa, sunka tona yashi ruwa yat taso. Sau biyu ina biɗar wurin da ƙafa. Gonaki sun cinye shi, ƙasa ta daidaita, ba ka ganin komi." Ya dube mu. "Ku aza su wuri guda."

Ni da Malama muka kalli juna. Wata uku muna yaƙi a kan kada wayar kowa ta ɗauki manhajar ɗayan, yanzu ga shi ana cewa mu jera su. Ita ta fara ajiye tata a kan teburina. Na ajiye tawa a gefe, muka daidaita hotunan har suka nuna wuri ɗaya.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau in na tuna tsigar jikina ke tashi. Tsohon hoto ya nuna hanyar ruwa, amma ganye ya rufe komai. Sabon hoto babu ruwa, amma kowane itace na tsaye shi kaɗai da inuwarsa a kan farar ƙasa. Baffa ya riƙa duba layin a wayar Malama, ya dawo ya nemi wurin a tawa, yana kiran sunayen itatuwa daga inuwarsu kamar yana kiran jikokinsa. Wannan aduwa, wannan tsamiya, wannan kurna. Ni ɗigo-ɗigo kawai nake gani. Da ya iso inda layin ya yi gwiwa, sai farcensa ya tsaya.

"Jawo shi kusa." Na jawo. "Ka ga inuwag ga ta rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa? Goriba ta. Ga wata, ga wata. Ga giyayya tsakaninsu. Goriba da giyayya ba su zama inda ruwa ya yi nisa." Ya miƙe tsaye. "Nan na."

Bai sayar da ko saniya ɗaya ba a ranar. Dillalai suka bi shi suna cewa zai yi da-na-sani, wani ma ya ce tsufa ya fara taɓa shi, waya ta ruɗe shi. In babu komai a wurin, shanun ba za su kai wata kasuwar da ƙafarsu ba, kuma ni na nuna masa hoton.

Washegari na rufe rumfa na ɗauki Malama a babur muka tafi. An nemi izinin mai gonar da na mai gari, aka samo masu haƙar rijiya biyu. Wurin kuwa in ka tsaya a ƙasa ba ka ganin komai sai gona busasshiya da 'yan goriba a warwatse. Na wuce ta nan ya fi a ƙirga. Ranar farko aka yi gaba ɗaya, wato tsawon hannu biyu a buɗe, ƙasa busasshiya. Rana ta biyu aka shiga yashi, shi ma busasshe, yana zubowa kamar gari. Mutanen da suka zo kallo suka fara raguwa. Shanun na kwance a inuwa, haƙarƙarinsu a waje, ko ƙuda ba sa iya korewa. Malama, wadda bakinta ba ya hutawa, yini guda ba ta tsokane ni ba.

A rana ta uku wajen la'asar, wata tsohuwar farar saniya ta yunƙura ta tashi. Ba wanda ya kira ta. Ta taho tana tangaɗi har bakin ramin, ta miƙa wuya ta yi wani irin kuka mai tsawo. Sauran suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Baffa ya ce a hankali, "Ta ji shi." A lokacin mai haƙar da ke ciki bai ga komai ba tukuna. Sai da ya ƙara sara kamar goma, sannan muka ji muryarsa daga ƙasa yana salati. Aka jawo guga, yashi ne baƙi, jiƙaƙƙe. Baffa ya damƙa ya matse, ruwa ya biyo ta tsakanin yatsunsa ya gangaro har gwiwar hannu.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Malama na gefe tana share fuska da mayafi tana cewa, "Ikon Allah, ikon Allah." Kafin magariba ruwa ya taru, aka zuba a kwatarniya, shanun nan goma sha ɗaya suka sa baki. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan zuƙar ba. Rijiyar ta riƙe su, ta riƙe dabbobin ƙauyuka uku, har ruwan sama ya sauka.

A hanyar komawa halina ya motsa, na ce, "Baffa, tsakani da Allah, wace ta fi, Ja ko Shuɗiya?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ni ban da waya."

Babur ɗin da kamfanonin suka yi alkawari ba ni na ci ba, ba Malama ba, wani ne can wajen Sakkwato. Kamfanonin sun ci gaba da kokawarsu, kowanne na rantsuwa shi kaɗai ya ishe ka, ni kuwa tun ranar ban sake goge manhajar kowa ba. Na ga abin mamaki a wayoyin nan, ido a sama da ke ganin inuwar itace a gonar Alkalawa, kuma har yau ina jinjina wa masu wannan ilimi. Amma hotunan sun yi wata uku a aljihuna da na Malama ba su shayar da ko akuya ba, sai da suka haɗu da wanda ya san inuwar goriba.

Abin da na koya ke nan, kuma na koye shi a makare. Na yi wata uku ina bin dattawa in cusa musu abin da zai amsa tambayoyinsu, ban taɓa zama na yi wa ɗayansu tambaya ba. Baffa ya rasu shekara biyu bayan haka. Ya taɓa ce mini kakarsa ta ambaci wuri na biyu, wajen Kamarawa, in na samu sarari in zo da wayoyin mu duba. Kullum ina cewa sai kasuwa ta yi sauƙi. Bara da rijiyoyi suka sake ja baya, na jera wayoyi biyu a kan teburin nan, na buɗe hotunan Kamarawa, na zauna ina kallon ɗigo-ɗigo har aka kira sallah.