Cindo Mai Faifai, Wanda Ya Bi Abokinsa Har Mayahi

Da hantsi ya ɗaga a Tasawa, Malam Cindo kan shimfiɗa tabarma a gindin dogonyaron da ke ƙofar shagonsa, ya ajiye kwanon ruwa mai ɗan sabulu da tsumman auduga. Sai ya koma ciki ya ɗauko faifan garmaho biyar, ba ya wuce biyar. Kowanne ta gefe yake riƙe shi da tafin hannu biyu, ya goge shi a hankali yana bin zagayen layukansa. Kafin inuwa ta janye ya mayar da su ɗaki, ya jera su a tsaye cikin ƴan uwansu fiye da ɗari shida, domin faifai ba ya son rana kuma ba ya son kwanciya. Bayan nan ne yake jawo akwatin kayan aiki, ya karɓi radiyon da aka kawo gyara.

A wannan watan Malam Cindo ya rufe akwatin nan, ya daina gyara. Ido ya yi rauni, hannu ya fara rawa, shekaru sun haura tamanin. Sama da shekara hamsin ya yi yana tayar da matattun radiyo na Tasawa da Kona da Urafane, kuma ba wanda ya taɓa tara mutane ya ce masa sannu. Ba mutum ne mai sauƙin shiga ba. Idan baƙo ya tambaye shi zancen faifai, sai ya dube shi daga hula har takalmi ya ce, "Wa ya aiko ka?" Wanda bai san tarihin ba sai ya ɗauka rowa ce. Tambayar tana da asali.

A farkon shekarun ƴancin kai, lokacin da gyaɗa ke riƙe da ƙasar nan, Cindo saurayi ne mai awo a wani kamfanin sayen gyaɗa. Shi ke tsaye a gaban ma'auni, ya auna buhu, ya shafa masa alamar kamfani da baƙin fenti. Babban abokinsa shi ne Danda, direban kamyo, wato babbar motar kaya, mai kai gyaɗa Kano. Wata rana Danda ya dawo da wani garmaho mai aiki da pil, wato batir, wanda ya tsinta a kasuwar tsofaffin kaya, ba ya motsi, tare da faifai uku da mai kayan ya haɗa masa. Ya miƙa wa Cindo ya ce, "Kai ne mai son tone-tone, ga abin tonawa."

Kwana huɗu Cindo ya yi yana kwancewa yana ɗaurawa. A rana ta biyar faifai ya juya, allura ta sauka, sai ga muryar wani mutum mai kaushi, da jita guda tana amsa masa kamar yadda gurmi ke amsa wa mai shi. Cindo bai san kalma ɗaya ta Ingilishi ba, amma sai da ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya sake sawa har sau shida. Da Danda ya shigo ya ce masa, "Wanga mutum namu ne. Ban san inda anka kai shi ba, amma namu ne." Daga baya ya ji cewa kiɗan baƙaƙen Amirka ne, ana kiransa bulus. Tun daga ranar duk tafiyar da Danda zai yi sai Cindo ya ba shi sautu. Da haka ya san sol, kiɗan da mawaƙi ke rera shi kamar mai roƙon Allah, ya kuma san rok mai ganguna da ƙarar jita.

Saboda kada ƙura da hayaniya su dame shi, yakan rufe ƙofa da rana tsaka idan zai saurara. Wannan rufe ƙofar ita ta jawo masa magana. A shekarun nan ƙasa ba ta zauna daidai ba. Ana ta raɗe-raɗin cewa wasu na shigo da saƙonni da makamai ta iyaka, mutane sun daina hira a gaban wanda ba su sani ba, wasu ma har a gaban wanda suka sani. Unguwa ta fara lissafa abin da take gani: kwali na zuwa daga Kano, an rufe ƙofa, ana jin muryoyin baƙi a ɗakin da mutum ɗaya ya shiga.

Maƙwabcinsa Namadi, mai sayar da goro, shi ya fi kowa sa ido. Wata rana ya tare shi a zaure.

"Cindo, su wa ke magana a ɗakinka?"

"Faifai ne, Namadi. Shigo ka ji."

"A'a, ni ban shiga. Mi suke cewa?"

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba, kuma kullum kana zaune kana saurare?"

 Namadi ya gyaɗa kai ya wuce, daga ranar kuma gaisuwarsa ta gajarce.

A kakar gyaɗa ta 1964 Danda ya taso daga Kano da kwali mai faifai arba'in, mafi girman sautun da Cindo ya taɓa bayarwa. Kafin ya sauke kwalin aka tura shi Mayahi ɗaukar kaya. A can masu bincike suka tsayar da motar, kuma ba su nemi komai ba sai kwalin. Wani ya riga ya gaya musu yana ciki. Suka tsare Danda tare da kwalin.

Hawwa, matar Danda, tana nan da ranta, ita ce ta ba da labarin abin da ya biyo baya. Ta ce kwana uku da kama mijinta ba wanda ya taka ƙofar gidansu, har ƴan uwa. Ta je wurin awo ta sami Cindo a gaban ma'auni. Ta ce masa, "Sun ce akwai rubutun asiri a jikin kayanka, kuma Danda ya ƙi faɗin mai su." Ta ce Cindo ya ajiye gwangwanin fenti, ya wanke hannu, ya tafi gida.

Ya san abin da zai iya samunsa. Yayansa ya riƙe masa riga ya ce ya tsallaka iyaka ya zauna wajen dangi har abin ya lafa, tunda ba a ambaci sunansa ba tukuna. Cindo ya ce, "Don ba a ambata ba ne Danda ke can." Washegari da safe ya naɗe garmaho cikin bargo, ya hau bayan wata motar gyaɗa mai zuwa Mayahi.

Jami'in da ke riƙe da maganar dogo ne mai tabarau, wanda ba ya ɗaga murya. Ya bar Cindo a tsaye a ƙofar biro, wato ofishinsa, har azahar. Ta taga Cindo yana hango kwalinsa a buɗe a tsakar fili, rana na dukansa. 

Da aka shigar da shi, jami'in ya sa aka kawo faifai ɗaya, ya karkata shi wajen haske. Kusa da ramin tsakiya, inda layukan kiɗa suka ƙare, akwai wasu ƙananan haruffa da lambobi kamar an karce su da allura.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Masu yin faifan ne, ranka shi daɗe."

"Don mi sunka ɓoye shi inda ido ba ya gani?"

"Ba ɓoyewa sunka yi ba. Alama ce, kamar wadda nike shafa wa buhun gyaɗa don a san inda ya fito."

"Ka shirya amsarka tun daga Tasawa."

"Ban shirya ba. Kowane faifai yana da ita."

"Kowane faifan da anka aiko maka."

 Duk abin da Cindo zai faɗa, mutumin nan ya riga ya ba shi wata ma'ana. Ya dubi teburin, ya dubi mutumin, da agogonsa da gyaran gashinsa irin na ƴan birni, sai ya yi kasada.

"Ranka shi daɗe, kana da garmaho a gida?"

Jami'in ya cire tabarau. "Wa ya faɗa maka?"

"Ba kowa. In kana da shi, a ɗauko faifai guda cikin naka, wanda hannuna bai taɓa taɓawa ba. In babu irin wanga rubutu a jikinsa, ka haɗa ni da Danda."

 Jami'in ya kira wani gardi mai tsaron ƙofa ya yi masa magana a kunne. Da gardin ya dawo da faifan kiɗan rawa na Kongo, jami'in bai miƙa wa Cindo ba. Shi da kansa ya je bakin taga ya karkata shi. Ya jima yana dubawa, ya juya ɗaya gefen ya sake dubawa, sannan ya mayar da shi cikin jakarsa ya kife a teburi.

Irin rubutun na nan a jikin nasa faifan ma, duk da haka bai sake su ba. Ya ce rubutu daban, abin da muryoyin ke faɗa daban. Aka nemo wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya taɓa zama a Kano, aka zaunar da shi, aka ce Cindo ya sa faifan ɗaya bayan ɗaya. Kwana biyu ana wannan aiki, pil na ƙarewa ana sakewa. A wani faifan jami'in ya ɗaga hannu ya ce wa Cindo, "Kai da ba ka jin yaren, mi wannan ke cewa?"

"Ban sani ba, ranka shi daɗe. Amma ko matarsa ce ta tahi, ko gonarsa ce ta ƙi."

Jami'in ya dubi malamin. Malamin ya share gumi ya ce, "Matarsa ce, ta hau jirgin ƙasa."

A rana ta tara da kama shi aka saki Danda. Ya fito yana ɗingishi, kuma har ya rasu bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya sami ƙafar ba. Cikin faifai arba'in, goma sha bakwai rana ta lanƙwasa su, ba su sake yin kiɗa ba. Da suka koma Tasawa, kamfani ya sallami Cindo, wai ba ya riƙe ma'aikacin da aka taɓa rubuta sunansa a biro. Da haka ya zama mai gyaran radiyo.

Abu biyu ya yi bayan wannan, kuma tsofaffin garin duk shaidu ne. Na farko, ya daina rufe ƙofa. Duk ranar kasuwa da la'asar yakan fito da garmaho gindin bishiya, ya sa faifai kowa na ji. Da fari mutane daga nesa suke tsayawa, kowa na duban wanda ya matsa. A hankali masu dako da direbobi suka fara zama, har wani makaɗin gurmi daga Maijirgi ya riƙa zuwa da gurminsa yana amsa wa mai jitar. Samarin da suka girma a shekarun saba'in a nan suka fara jin sol da rok.

Na biyu ya fi wuya. Kowa a unguwa ya yanke cewa Namadi ne ya kai tsegumin. Shi kansa Cindo zuciyarsa ta daɗe tana gaya masa haka. Wasu direbobi abokan Danda suka zo suka ce za su koya wa mai goro hankali. Cindo ya tare su a ƙofa ya ce, "Wa ya gan shi? Ni ban gan shi ba. Da irin wanga zato anka riƙe Danda kwana tara. Ba da sunana ba." Suka watse. Bayan shekara biyu radiyon Namadi ya mutu, ya daɗe yana zagaye shagon kafin ya iya shiga. Cindo ya gyara masa kamar na kowa. Namadi ya rasu bai amsa laifi ba, ba a kuma taɓa tabbatar da shi ba. Har yau idan aka tambayi Malam Cindo wa ya kai su, cewa yake, "Ban sani ba."

Malam Cindo, kai ne ka hau motar Mayahi alhali hanyar iyaka ta fi sauƙi. Kai ne ka tsaya gaban mai iko da kai ba ka yi ƙarya ba, ba ka kuma jefa kowa ba don ka fita. Kai ne ka san ɗacin zargi a jikinka, ka ƙi ɗora wa maƙwabcinka shi ba da shaida ba. Kunnen Tasawa, mai tayar da mataccen radiyo, sannu da aiki.

Mun gode. Hawwa ta ce a faɗa maka ƴaƴan Danda bakwai da jikokinsa suna gaishe ka, kuma huɗu daga cikin ƴaƴan bayan Mayahi aka haife su. Mu da muka rage, idan aka kawo mana maganar wani a kunne, mu tambayi mai kawowa abin da ya gani da idonsa. Idan kuma namu ne aka riƙe saboda kayanmu, kada mu jira a kira sunanmu kafin mu tashi. Allah ya ƙara maka lafiya, Malam, ya bar maka jinka.