Kaskon da ke Gindin Darbejiya

Abin da na fara gani da na iso gidanmu a Bawku daga makaranta shi ne kaskon da ke gindin darbejiya. Ya bushe, ganye ya cika shi. Shekara guda ke nan da rasuwar kakata.

Kullum in ta idar da sallar asuba, sai ta juye sauran ruwan butarta a kaskon nan, ta ajiye ƙanzon tuwo a kan katanga. Gari na wayewa hankaki biyu su sauko. Ni kuwa ina raɓe a jikinta, ina shaƙar ƙamshin man kaɗanya a zanenta. Wata safiya na ga ɗayansu ya ɗauki ƙanzo ya tsoma a ruwa, ya jira har ya yi laushi, sannan ya tashi da shi zuwa sheƙarsu a kan darbejiyar.

Ta ce, “Kin gani, ƙawata? Ya san bakin 'ya'yansa bai yi ƙwari ba. Haka nake jiƙa miki kina ƙarama.”

Yanzu Kawu zai sare bishiyar ya gina shago. Ga gatari an jingine, ga kukan ƙananan hankaki daga sama. Na wanke kaskon na zuba ruwa. Allah ya shayar da ke, Kaka, kamar yadda kika shayar da su.

Ban saba yi wa Kawu magana ba. Amma na je na durƙusa a gabansa, kaina a ƙasa, na ce, “Kawu, don Allah a bar bishiyar nan har 'ya'yan su iya tashi.”