Fakara Ɗaya Daga Fadamar Hanyar Yauri

Ana sallame sallar asuba muka bar Matameye cikin yayyafi. Mu biyu ne, ni da ɗan kawuna, abokin wasana, sai karnuka biyu. Nasa ja ne, matashi, ƙirji cike. Nawa ya tsufa. Damina goma sha ɗaya yana bina, haƙoransa sun zube sai guntaye.

Saboda shi aka yi tafiyar. Hatsin rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba. Uwargida ta ce tuwon da take zuba wa kare daga bakin mutum take cire shi. Masu sayen karnuka suna zuwa daga kudu ranar kasuwa, kowa ya san abin da suke yi da su. Na ce ta ba ni fita ɗaya. In bai kama komai ba, ya tafi. Ta ce ta ji.

Babu direban da zai ɗauki kare. Wani ɗan kabu-kabu ya dube mu ya ce shi ba zai wanke babur sau bakwai ba. Muka sami amalanken shanu mai kai kanwa Yauri, muka hau, karnuka na bin ƙasa. Ba a yi nisa ba nawa ya fara ja da baya. Na sauka na ɗora shi kan buhu.

"A gyara wa Alhaji wuri," in ji ɗan kawuna. "Ka tambaye shi ko yana son shayi."

Na gyara wa karen buhun.

Yashi in ya sha ruwa tauri yake yi, shanu suna jin daɗinsa. A kwari ne laka take kama ƙafar amalanke, sai mun sauka mun tura. Gero ya kai kafaɗa, wake ya rufe ƙasa. A wani ƙauye muka tsaya wurin mai ƙosai. Biyu dala biyar, kuma sai ka haɗa biyun a baki kafin ka san kana tauna. Kwaɗon tafasarta ya fi, ta cika barkono.

Wanda bai sani ba zai ce farauta cikin ruwa hauka ce. Bindiga ba ta tashi, albarushi ya jiƙe. Amma fakara in gashinta ya sha ruwa tashi biyu take yi, na uku sai gudu a ƙasa. Lokacin kare ke nan. Wahalar ɗaya ce, ruwa yana wanke sawu, hancin kare ya rasa abin bi.

Da hantsi muka sauka bakin fadama. Mai gonar wurin, wani dattijo sanye da buhu a ka, ya ce fakaru sun tone masa gyaɗa, mu kwashe su duka, sai dai kada mu karya masa gero.

Jan kare ya tashi garken fakaru nan da nan. Ya bi ɗaya ya kama. Kafin mu isa da wuƙa ya cinye kan. Ta biyu ya karya mata wuya, muka tarar ta sandare. Mu abin da wuƙa ba ta hau wuyansa da rai ba, ba ma kai shi tukunya. Ɗan kawuna ya tsaya da wuƙa a hannu yana zagin karensa har kakanni. Nawa yana can baya, hanci a ƙasa, yana atishawa.

Ruwa ya ƙaru. Muka raɓe ƙarƙashin gawo, gawo kuwa da damina ba ganye, duk ɗaya da tsayuwa a fili. Muka koma gindin tsamiya muka yi azahar. Nan ɗan kawuna ya bar wasa.

"Ɗan'uwa, ɗauki mai karyayyen wuyan nan ka sa mata wuƙa. Ka ce tsohon ne ya kama. Wa zai faɗa?"

Na dubi tsuntsuwar, na dubi karen. Yana rawar sanyi.

"Yara za su ci," na ce. "A'a."

Muka sake fita. Can sai na nemi karena na rasa. Ya shiga duhuwar geza a bakin ruwa. Na yi fito, shiru. Na san yadda tsohon kare yake neman wurin kwanciya in ya gama, na ce shi ke nan, ya hutar da masu saye. Na juya zan tafi sai ganye ya motsa. Ya fito a hankali, laka har ciki, fakara a bakinsa tana bugun fiffike. Ya zo ya ajiye ta kan ƙafata, ya danne ta da hannu ɗaya, yana jiran wuƙa kamar yadda ya saba.

Ban yanka ba. Na ɗaure ƙafafunta da kaba na sa ta a burgami.

A ƙasa muka dawo, babu amalanke. Kwarin da muka wuce da safe ya kawo ruwa har cinya. Na saɓa karen a wuya na haye. Ana kiran magariba muka shiga gari.

Na miƙa wa uwargida fakarar da ranta. Ta juya ta, ta buɗe gashin tana neman rauni. Babu ko ƙwarzane.

"Ai don ba shi da haƙora ne, Maigida."

"Shi ya sa," na ce.

Na yanka, ta dafa. Kowa ya sami tsoka kamar ɗan yatsa. Da ta kankare tukunya na ga ta jiƙa ƙanzo da romo, ta ajiye wa karen bakin zaure.

Abin da na riƙe a tafiyar nan kaɗan ne. Kada ka fake a gawo. Kare mai gudu daban, mai kawo maka abin yanka daban. Ranar kasuwa masu sayen karnuka sun yi sallama a ƙofa, ina ciki ina jin su. Uwargida ce ta fita. Ta ce gidan nan babu na sayarwa.