Sawun Fensir a Babi na Biyu

Cikin shekara ashirin da ɗoriya da na yi ina sayar da littattafai a Kazaure, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce wata Talata ta ƙarshen damina, ranar da na zauna da kilina, robar goge fensir, na goge abin da ya fi komai daraja a shagona.

Ku da kuke cikin sana'ar kun san tsarin, amma bari in faɗa saboda sababbin shiga. Littafin hannu, wato wanda wani ya riga ya yi amfani da shi, idan ya zo, aiki uku ake yi masa. A kakkaɓe shi, a manne bangonsa da gam, sannan a bi shafi-shafi a goge duk rubutun fensir da mai shi ya yi. Haka maigidana ya koya mini a Kano. Ya ce mai saye ba ya son ganin sawun wani a kayansa. Ni iyakata aji shida, ba na karanta abin da nake sayarwa, amma na san wanda ke tafiya. Kuma babu abin da ke tafiya a wurina kamar littattafan koyon rubuta furojet, wato binciken da ɗalibi ke rubutawa a shekarar ƙarshe kafin a ba shi takardar shaida.

Ranar Litinin wani mutumin Roni ya kawo mini buhu biyu na littattafan mahaifinsa, Malam Haruna, tsohon malamin makarantar horon malamai. Ya ce idon tsohon ya tafi, gara kuma ta fara cin kwalayen. A ciki akwai wani kore mai kauri kan rubutun bincike, irin wanda nake da sababbinsa a kanta. Gefen kowane shafi cike yake da fensir, ƙananan haruffa a jere kamar shuka a kunya. Da safiyar Talata na buɗe shi daidai inda rubutun ya fi yawa na kama guga. Rediyo na yi, ina hure garin kilina, hankalina kwance. Kafin azahar na share shafi wajen talatin.

Bayan azahar Malama Binta ta shigo. Malamar firamare ce a Gwiwa, tana digirinta ta hanyar karatun hutu. Shekara biyar ina ganinta tana sauka daga acaɓa da jakar buhu. Wata biyu kafin nan ta sayi sabon koren littafin a hannuna.

Ta zauna a benci ta ce, "Alhaji, littafinka bai yi mini magani ba."

Na ce, "Malama, ni na sayar, ba ni na rubuta ba."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta ce malamin da ke duba aikinta ya dawo mata da babi na biyu sau biyu. Furojet babi biyar ne, na biyun shi ne inda ɗalibi ke kawo abin da masana suka riga suka faɗa a kan batunsa. Ita kuwa kwafo maganganunsu take yi ta jera, shi kuma ya ce ba haka ba ne. In bai sa hannu kafin ƙarshen wata ba, ba za ta shiga jerin masu kare aikinsu ba, kuma shekarun da aka ɗebar mata sun ƙare. Shekara biyar na hanyar Gwiwa za su tashi a banza.

Tana magana hannunta ya kai kan tsohon littafin da na ajiye a gefe. Ta buɗe farkonsa, ta bi rubutun fensirin da ido. Can ta ce, "Alhaji, wa ya rubuta wannan? Da Hausa ne fa. Ji abin da ya ce: batun bincike kamar rijiya ne, ka ƙuntata bakinta ka zurfafa cikinta." Ta shiga juya shafi da sauri, tana murmushi, har ta iso babi na biyu. Gefen shafi fari tas. Ta dube ni, ta dubi garin kilina a kan tebur. Ni kuwa ban nemi wata hujja ba, na ce, "Ni na goge, yau da safe."

Muna nan zaune har la'asar ta yi. Ƙofar shagona yamma take kallo, rana ta sauko ta kwanto a kan tebur. Malama Binta ta ɗan karkata littafin, sai ga rubutun ya taso. Ba baƙi, ba launi, sawun bakin fensir ne kawai a jikin takarda, kamar sawun tururuwa a yashi bayan ruwa ya ɗauke. Ta karkata nan ya ɓace, ta karkata can ya dawo. Muka haɗa kai muna leƙe kamar masu neman jinjirin wata. Ta tsinci "zaure", ta tsinci "gaishe su", ta tsinci "inda suka saɓa". Sai hadari ya tare rana, shafin ya koma fari.

Na ce, "Mai rubutun yana da rai. Gobe sai Roni."

Da safe na rufe shago, abin da ban saba ba. Muka ɗauki adaidaita. Gero ya yi kai a hagu da dama, duwatsu sun yi kore har wuya, ni kuwa littafin na cikin aljihun rigata yana mini nauyi kamar na sato shi.

Muka tarar da Malam Haruna a zaure kan buzu. Bayan gaisuwa na durƙusa na miƙa masa. Ya shinshina shi, ya buɗe, ya bi gefen shafi da babban yatsa. Da ya kai inda na goge ya tsaya.

"Wa ya yi mini sharar gona?"

"Ni ne, Allah gafarta Malam."

"Ka iya aiki. Shekara goma sha biyar ina shuka, ka nome da hantsi ɗaya. Da noma ka kama, da ka yi suna."

Malama Binta ta tambaye shi ko yana tuna abin da ya rubuta. Ya ce, "Ina fa, 'yata. Na rubuta ne don kada in riƙe. Amma karanto mini na Turancin, mu ga ko zai dawo."

Ta fara karantawa. Ya jingina da bango, idanun da ba sa gani suna kallon rufi. Can ya ɗaga hannu. "Tsaya. Babi na biyu shiga zaure ne. Kin tarar da manya suna hira tun kafin ki zo. Ki gaishe su, kowa da sunansa. Ki ce wane ya ce kaza, wane bai yarda ba, ga inda suka saɓa. Ba za ki ari bakinsu ki ci musu albasa ba. In kin gama, sai ki ce, Allah gafarta malamai, akwai abu ɗaya da ban ji kun taɓo ba, shi na zo da shi. Wannan abu ɗayan shi ne furojet ɗinki."

Ni da ban taɓa karanta littafin ba, wallahi sai na ga zauren ya cika. Na ga masu sunayen nan da nake gani a bango suna zaune a tabarma, sun naɗe ƙafa, suna jiran ta yi sallama.

Ta ciro fensir ta fara rubuta maganarsa a gefen shafin, a kan tsohon sawun. Wani wurin ta ce bakin fensirinta da kansa yake faɗawa ramin nasa, kalma kan kalma. Kwana uku tana zuwa Roni bayan an tashi makaranta. Ta sake babin daga tushe, ta kai ana saura kwana biyu wata ya ƙare. Malaminta ya karanta, ya tambaye ta wa ya rubuta mata. Ta ce ya tambaye ta duk inda ya so. Ya tambaya, ta amsa, ya sa hannu.

Malam Haruna ya rasu da bazarar da ta biyo. Allah ya jiƙansa.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Mu masu littafin hannu ba takarda kaɗai muke karɓa ba, har da zaman da wani ya yi da ita. Kafin ka goge, ka karanta. In ba ka iya ba, irina, ka nemi wanda ya iya.

Koren littafin yana nan, ba na sayarwa ba ne. Aro nake bayarwa. Ya je Babura, ya je 'Yankwashi, ya koma Gwiwa sau biyu, yanzu hannu biyar ne a gefensa. Duk wanda zai ɗauka, sai na ɗaura masa fensir da zare a jikin bango.