Kawu da Alwalar Bara

Shekaranjiya na kai Inna asibiti a Talata Mafara. Ɗalibai suka kewaye gadonta, ɗayansu ya yaye mata zane babu ko sallama, malaminsu kuwa yana gefe yana latsa waya. Nan take na tuna marigayi Kawu, wanda ya tsufa yana koyar da ma'aikatan jinya.

Lokacin da lauje ya yanke ni a gonar shinkafa ta Bakolori, shi ya zo duba ni a asibiti tare da ɗalibansa. Har yau ina jin warin maganin aidin da ɗumin tafinsa, domin sai ya murza hannuwansa kafin ya taɓa mutum. Wani ɗalibi ya cafki ƙafata kai tsaye. Kawu ya ce, "Fita ka sake shigowa, ka gaishe shi."

"Malam, ai mun ci jarrabawar ladabi tun bara."

"Da alwalar bara kake salla?"

Yanzu da muka dawo gida, Inna cewa take, "Ni ban komawa, gara ciwon ya kashe ni a ɗakina." Cikinta kullum ƙara kumbura yake. Na lallashe ta har na gaji.

Allah ya haskaka kabarin Kawu. Allah ya sanyaya zuciyar Inna tun lokaci bai ƙure ba.